SHARHI: A Abuja ake sayen kwamfutar, a Maiduguri ake aiki da ita

A ƙarshen shekarar 2023 ne Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani, ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT tare da hukumar NITDA, da burin horar da 'yan Najeriya miliyan uku sana'o'in fasahar zamani. Cikin fannonin da ake koyarwa akwai wani da ba a saba jin sunansa a ofisoshin gwamnati ba, wato zayyanar manhaja. Mai wannan sana'a ba shi ne ke rubuta manhajar ba. Aikinsa shi ne ya tsara abin da mutum zai gani a fuskar waya ko ta kwamfuta: inda maɓalli zai zauna, tambayar da za ta riga wata, abin da za a faɗa wa wanda ya yi kuskure wajen cike fom, da yawan matakan da zai bi kafin buƙatarsa ta biya. Duk ma'aikacin da ya taɓa yini yana fama da shafin wata hukuma, ya cike, ya tura, a mayar da shi farko, ya riga ya ɗanɗani abin da ke faruwa idan ba a yi wannan aiki da kyau ba.

Buƙatar masu wannan sana'a ta ƙaru tun da Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ƙarshen shekarar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da fayil na takarda. Kowane aiki da aka ɗauke daga takarda aka mayar kan waya, sai wani ya zauna ya zayyana shi. A Maiduguri kuwa akwai hedikwatar Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, da Jami'ar Maiduguri, da asibitin koyarwarta, da ofisoshin jiha na hukumomin tarayya da dama, ga ƙungiyoyin agaji da suka shafe fiye da shekara goma suna yi wa jama'a rajista ta waya da na'urorin hannu. Matasan da suka koyi zayyana suna nan a garin. Abin tambaya shi ne, da wane kayan aiki za a zaunar da su, kuma wa zai zaɓa.

A bisa al'ada, takardar sayen kayan ofis a hedikwata ake rubuta ta. Wani jami'i ko hadimi ne zai tambayi abin da masu sana'ar ke amfani da shi, a ce masa kwamfutar Apple da manhajar Figma ko ta Adobe, ya rubuta, a tura sashen kwangila. Muhawarar da akan yi, idan ma an yi ta, kan tsaya ne a kan kwamfutar: a sayi ta Apple ko mai Windows. Alhali kuwa kwamfutar ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke kashe aikin daga baya yana cikin abubuwan da takardar ba ta ambata ba.

Manhajar haya, kasafin saye

Tun shekarar 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da manhajojinsa na zane sayarwa ta dindindin, ya koma karɓar kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Figma, wadda ita ce yau akasarin masu zayyanar manhaja ke aiki da ita a duniya, haka take: ana biyan kuɗin kujerar kowane ma'aikaci, da dala. Ke nan hukuma ba sayen manhaja take yi ba, hayarta take yi, kuma ranar da ta kasa biya, ranar za a rage mata abin da za ta iya yi da zanen da ma'aikatanta suka yi.

Kasafin kuɗin gwamnati kuwa bai san wannan ba. Kwamfuta tana shiga ƙarƙashin manyan ayyuka, a ba da kwangila, a kawo, a shigar da ita littafin sito, odita ya zo ya gan ta da idonsa. Kuɗin hayar manhaja ya fi dacewa da kuɗaɗen gudanarwa na yau da kullum, inda zai yi gogayya da man janareta da alawus na tafiye-tafiye. Sau da yawa ɗan kwangila kan haɗa hayar shekara guda cikin farashin kwamfutocin, kowa ya yi murna ranar miƙa kaya. Bayan wata goma sha biyu wa'adi ya cika, babu wani layi a kasafi da ke ɗauke da sabuntawa, ɗan kwangila ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ga kuma canjin kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. A farkon 2024 ya haura naira 1,500. A ƙaddara ofis yana da masu zayyana biyar, kowace kujera dala 20 a wata. Dala 1,200 ke nan a shekara, abin da a tsohon farashi bai kai naira dubu 600 ba, a sabon farashi kuma ya kai naira miliyan 1.8, ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Kuma kamfanonin suna ƙarawa: Figma ta fara cajin kuɗi a kan sashen da masu rubuta manhaja ke duba zane a farkon 2024, sannan ta sauya tsarin farashinta a watan Maris na 2025. Hanyar biyan ma wata matsala ce. Daga shekarar 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi, shi ma da iyaka. Hukumar da kuɗinta ke cikin asusun bai-ɗaya na gwamnati ba ta da katin da za ta saka a shafin kamfanin Amurka, don haka ko dai ta bi ta hannun dillali, ko kuma, kamar yadda aka fi gani, wani ma'aikaci ya biya da katinsa a mayar masa daga baya.

A nan ne hatsari mafi girma yake, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. Wanda ya biya da katinsa, da adireshin imel ɗinsa na kansa yakan buɗe asusun. Idan ɗan hidimar ƙasa ne, shekara guda zai yi ya tafi. Idan ƙwararre ne da aka ɗauko na wata shida, zai koma Legas ko Kano. Zanen da aka kashe kuɗin gwamnati aka yi, da bayanan gwajin da aka gudanar, duk suna cikin asusun da a wurin kamfani mallakin wannan mutum ne. Babu mugunta a ciki, amma ranar da darakta ya nemi a gyara shafi ɗaya, sai a fara neman lambar wayar wanda ya bar aiki bara. Sharaɗi ɗaya a takardar saye, cewa a buɗe asusu da adireshin hukuma mai ƙarewa da gov.ng, kuma jami'ai biyu na dindindin su riƙe ikon gudanar da shi, ya fi duk wata muhawara kan samfurin kwamfuta amfani.

Su kansu manhajojin ba su da tabbas. A watan Satumbar 2022 Adobe ya sanar da cewa zai sayi Figma a kan dala biliyan 20. Hukumomin hana babakere na Turai da Ingila suka nuna rashin amincewa, aka fasa cinikin a watan Disambar 2023, Adobe ya biya dala biliyan ɗaya kuɗin fasawa. A tsakanin nan kamfanin ya daina bunƙasa tasa manhajar, Adobe XD, wadda ofisoshi da makarantu da yawa suka horar da mutane a kanta. InVision, wadda a wani lokaci ita ce kan gaba, ta rufe ayyukanta na zayyana a ƙarshen 2024. A shekarar 2019 kuma Adobe ya sanar da rufe asusun mutanen Venezuela baki ɗaya saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba. Zanen aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara. Hukumar da za ta yi haya, wajibi ne ta tanadi hanyar fita: a riƙa sauke kwafin kowane zane a ajiye a hannunta, a kuma rubuta ƙa'idojin zanen, launi da girman rubutu da tsarin maɓallai, a wata takarda da ba ta dogara da manhaja ɗaya ba.

Darussa biyu masu karo da juna

Maiduguri ta koyar da darussa biyu a cikin shekaru huɗu, kuma kowannensu yana jan ra'ayi zuwa wani ɓangare dabam.

Na farko shi ne na wuta. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, bayan 'yan kwanaki suka sake kayar da su. Birnin ya shafe watanni masu yawa ba ya samun wuta daga babban layin ƙasa, abin da ya kai ga gina tashar iskar gas mai megawat 50 ta kamfanin NNPC, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023. A watan Oktoban 2024 ma Arewa kusan gaba ɗayanta ta kwana a duhu na kwanaki saboda lalacewar manyan layuka. Idan wuta ta yi dogon ɗaukewa, turakun sadarwa ma da dizal suke rayuwa. Mutanen Borno kuma ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka rufe layukan waya na tsawon makonni bayan ayyana dokar ta-ɓaci. Ko a ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasar baki ɗaya ta ji a jikinta.

Figma kuwa a intanet take zaune. Idan layi ya yanke mutum na tsakiyar aiki, zai iya ci gaba da fayil ɗin da ke buɗe a gabansa, a haɗa sauye-sauyen idan layi ya dawo, amma ba zai iya buɗe wani sabo ba. A Abuja wannan ƙaramin cikas ne. A ofishin da intanet ɗinsa ke rataye da na'ura ɗaya da batiri ɗaya, yini guda ne na albashi ya tafi a banza.

Darasi na biyu shi ne na ruwa. A daren 9 zuwa 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa masu yawa na birnin, har da Kasuwar Monday, da fadar Shehun Borno, da asibitin koyarwa. Duk wanda aikinsa ke cikin kwamfuta ɗaya a hawa na ƙasa a unguwannin da ruwan ya ci, ya yi asararsa tare da kwamfutar. Wanda nasa ke ajiye a rumbun intanet kuwa, aron wata na'ura kawai ya buƙata.

Saboda haka masu cewa a koma manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba suna da hujja, masu cewa a bar komai a rumbun intanet su ma suna da tasu, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai saurari Maiduguri da kyau ba. Abin da garin ke buƙata shi ne ajiya a wuri biyu, da kuma layin intanet biyu daga kamfanoni dabam-dabam. Starlink ya fara aiki a Najeriya tun Janairun 2023, ana iya haɗa shi da layin waya na cikin gida, ɗaya ya tallafi ɗaya.

Akwai wata hanya ta tsakiya da ta cancanci a gwada. Penpot manhajar zayyana ce mai buɗaɗɗen tushe, wadda wani kamfanin Sifaniya mai suna Kaleidos ya samar. Ba a biyan kuɗin kujera idan hukuma ta girke ta a kan tata babbar kwamfutar ajiya, ko ta cikin ofis, ko a cibiyar Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya da ke riƙe bayanan ma'aikatu. Wannan ya dace da ƙa'idojin NITDA na 2013 da suka buƙaci a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. Sai dai kyauta ba ta nufin babu ɗawainiya. Dole a samu wanda zai kula da ita, ya sabunta ta, ya riƙa ɗaukar kwafi. Kuma akwai hakkin matasan da za a ɗauka aiki: kasuwar duniya Figma take tambaya, kuma wanda ya yi shekara uku a ofishin gwamnati bai taɓa ta ba zai sha wuya idan ya fita neman aiki. Ofis mai mutum biyu ko uku ya fi masa sauƙi ya yi haya. Hukumar da ke da rassa a jihohi shida na yankin, ita ce ya kamata ta yi lissafin girke tata.

Batun bayanai a Borno ya wuce na bin doka kawai. Mai zayyana na kirki yakan fita ya zauna da waɗanda za su yi amfani da manhajar, ya ɗauki muryarsu, wani lokaci da hotonsu. Yakan kuma so ya saka sunaye da lambobi a zanensa don ya yi kama da na gaske, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya kwafo daga rajistar da ke ofis. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa, kuma ɗora su a manhajar da rumbunta ke ƙetare fitarwa ce. A 2024 Figma ta sanar da cewa za ta riƙa horar da ƙirƙirarriyar basirarta da abubuwan da ke cikin ƙananan asusu, sai dai idan mai asusun ya shiga ya kashe wannan zaɓi. A wani gari, fallasar jerin sunaye abin kunya ne. A yankin da sunan mutum da ƙauyensa, haɗe da bayanin cewa yana karɓar tallafin gwamnati, na iya jawo masa barazana ga rayuwa, ƙa'idar ya kamata ta zama mai tsauri: sunan mutum na gaske ba ya shiga fayil ɗin zane.

Ita kanta kwamfutar

Da yake Figma da Penpot a cikin burauza suke aiki, ba su damu da ko kwamfutar ta Apple ce ko mai Windows ba. Sketch ce kaɗai cikin sanannun da ke buƙatar ta Apple. Figma ma tana da iyakar gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki ga kowane fayil da aka buɗe, don haka sayen na'ura mai tsadar gaske ba ya ƙara wa zanen komai. Matsakaiciyar kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 16, da allo na biyu a kan tebur, ta wadatar da mafi yawan aikin.

A yi wa Apple adalci. Tun da ya koma amfani da nasa injin a ƙarshen 2020, batirin kwamfutocinsa na daɗewa ƙwarai, kuma MacBook Air ba ta da fanka, ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne a Maiduguri. Amma kamfanin da kansa ya ce an ƙera su don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura 40. A ɗakin da na'urar sanyaya iska ta tsaya, kwamfutar za ta rage gudu don kare kanta. Ba a iya ƙara mata ƙwaƙwalwa bayan saye, kuma idan ta lalace, tsakanin Maiduguri da Abuja akwai fiye da kilomita 800. Kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo sun fi samun masu gyara da kayan gyara a garuruwan Arewa. Tambayar da ta dace a yi wa ɗan kwangila ita ce kwana nawa ma'aikaci zai zauna hannu rabbana idan allo ya fashe, kuma a rubuta amsar cikin yarjejeniya.

Akwai kuma doka. Ƙa'idar gasa a sayen kayan gwamnati, wadda Dokar 2007 da hukumar BPP ke tsarewa, ta fi son a bayyana abin da ake buƙata na'ura ta iya yi, ba a ambaci sunan kamfani ɗaya ba. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017, da manufar fifita kayan Najeriya da Majalisar Zartarwa ta amince da ita a watan Mayun 2025, suna buƙatar a fara duba na gida, irin su Zinox, kafin a tsallaka waje. Jami'in da ya rubuta sunan samfuri ɗaya ba tare da hujjar aiki ba, shi zai amsa tambayar odita. Haka nan duk wanda aka kawo wa kwamfutoci masu arha, ya tabbata za su ɗauki Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafin bai-ɗaya ga Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Abin da ba a cika gani a takardun saye ba shi ne wayoyin gwaji. Mutanen Gwange da Bulumkutu da Muna ba a kan allon Apple za su ga manhajar ba. A kan Tecno da itel da Infinix za su gan ta, wasu masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, wasu da fasasshen gilashi, a tsakiyar rana, da layin da ke zuwa yana tafiya. Da yawa ma wayarsu mai maɓallai ce, sai ta lambobin USSD za a iya kai musu, inda kowane saƙo bai kai haruffa 200 ba. Launin toka mai laushi da ya yi kyau a ofis mai sanyi ɓacewa yake yi a rana. Rubutun da aka zaɓa don kyansa a Turanci na iya rasa ɓ da ɗ da ƙ na Hausa, ko harafin ǝ na Kanuri, sai su fito kamar akwatuna. Akwai nau'o'in rubutu na kyauta, irin su Noto na Google, da suka ƙunshi waɗannan haruffa, amma sai wanda ya gwada ne zai san yana buƙatarsu. Jimlar Hausa kuma ta fi ta Turanci tsawo, maɓallin da ya ɗauki kalma ɗaya a can sai ya buƙaci uku a nan. Kuɗin kwamfutar alfarma guda ɗaya zai sayi kwamfutar ofis mai kyau, da irin waɗannan wayoyi huɗu ko biyar, har a samu ragowar da za a sa a inbata da faranti na sola.

Ƙungiyoyin agaji da ke Maiduguri sun daɗe da gane haka, shi ya sa kayan tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK, masu aiki ko babu layi su tura daga baya, suka samu karɓuwa a wurinsu. Daga yanayin filin suka fara, sannan suka zaɓi kayan aiki.

Hukumomin tarayya suna da wurin da za a iya tsayar da wannan tsari ba tare da sabuwar doka ba. Ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu sukan bi ta tantancewar NITDA kafin a aiwatar da su. A wannan mataki ne za a iya tambayar wa ya mallaki asusun, daga wane layi na kasafi za a biya hayar shekara ta biyu da ta uku, a ina kwafin zanen zai zauna, kuma ko an ji ta bakin ma'aikacin da ke Maiduguri kafin a rubuta takardar. Ma'aikatu kan fara haɗa ƙiyasin kasafin shekara mai zuwa ne watanni kafin ya isa Majalisa, kuma layin sabunta hayar manhaja da bai shiga a lokacin ba, sai dai ya jira wata shekarar.